Allen Whipple da tiyatar fankiriyas: yadda aka gina aikin da ake kira da sunansa

A manyan asibitocin da ake tiyatar ciwon daji na ciki, idan aka ce gobe akwai Whipple, kowa a ɗakin tiyata ya san yinin ya tafi ke nan. Aiki ne na awa biyar, shida, wani lokaci fiye. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da madaciya, da ƙarshen bututun da ke sauko da ruwan madaciya daga hanta, sau da yawa har da gindin tumbi. Sannan a jawo hanji sama a yi haɗi uku: ɗaya da ragowar fankiriyas, ɗaya da bututun hanta, ɗaya da tumbi. Mutumin da aikin ya ɗauki sunansa, Allen Oldfather Whipple, sau 37 kacal ya yi shi a duk rayuwarsa, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ya yi wa ba su fita asibiti da rai ba. Duk da haka ina ganin sunan bai faɗa hannun da bai cancanta ba, kuma dalilin yana cikin yadda ya tafiyar da binciken.

Fankiriyas wata tsoka ce doguwa, kamar santimita 15, kwance a bayan tumbi can kusa da ƙashin baya. Aiki biyu take yi. Tana zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, fiye da lita ɗaya a yini, ruwan da ke narkar da nama da kitse da sitaci. Sannan akwai wasu 'yan ƙwayoyi a warwatse cikinta, waɗanda Paul Langerhans ya bayyana a Balin a 1869, su ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini. Kanta yana lafe cikin lanƙwasar farkon hanji, jijiyoyin jininsu ɗaya, don haka da wuya a cire wannan a bar wancan. Bututun madaciya ta cikin kan nata yake ratsawa. A bayan wuyanta kuma ga babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji zuwa hanta, wadda idan wuƙa ta taɓa ta jini kan cika ciki nan take. Ita kanta tsokar taushi gare ta kamar awarar da ba a soya ba, zare yana yanka ta in an ja da ƙarfi. Mafi muni, ruwan da take fitarwa bai san bambancin naman da aka ci da naman mai shi ba. In ya sami hanyar yoyo, sai ya shiga cin duk abin da ya tarar. Shi ya sa har farkon ƙarni na 20 likitocin fiɗa suke kauce mata.

An haifi Whipple a 1881 a Urmiya, arewa maso yammacin Iran, inda iyayensa Amurkawa suke aikin mishan. Can ya yi ƙuruciyarsa, ya tashi yana jin Farisanci da Turkanci da Siriyanci ƙari a kan Turanci. Ya gama jami'ar Princeton a 1904, ya sami shaidar likita daga jami'ar Columbia a 1908. A 1921 aka naɗa shi shugaban sashen tiyata na Columbia da asibitin Presbyterian a New York, ya riƙe kujerar shekara 25, har 1946. Kada a rikita shi da George Whipple, wanda ya sami kyautar Nobel a 1934 kuma ake kiran wata cutar hanji da sunansa. Abokai ne, amma ba dangi ba.

Majinyata uku

A watan Maris na 1934 aka kwantar da wata mata mai shekara 60. Idonta da fatarta sun yi rawaya, saboda ƙari ya toshe daidai bakin da bututun madaciya da na fankiriyas suke haɗuwa su zuba cikin hanji. A wancan zamani mai irin wannan shawara babban abin tsoronsa a teburin tiyata shi ne jini ya ƙi tsayawa. Saboda haka Whipple ya raba aikin biyu. Da farko ya buɗe wa ruwan madaciya wata hanya don rawayar ta sauka. Bayan mako bakwai ya koma ya yanke ƙarin tare da wani yanki na hanji da na fankiriyas, ya ɗinke. Cikin awa talatin ta rasu. Ɗinkin ya warware, ruwan fankiriyas ya malale cikin ciki.

Abin da ya warware ɗinkin shi ne zaren. Zaren da aka saba amfani da shi a cikin ciki a lokacin daga hanjin tumaki ake yin sa, don jiki ya narkar da shi a hankali bayan rauni ya haɗe. To, zaren da aka yi da hanjin dabba nama ne, kuma narkar da nama shi ne sana'ar ruwan fankiriyas. Abin da ya kamata ya riƙe makonni sai ya narke cikin sa'o'i. Whipple ya riga ya daɗe yana nazarin yadda rauni ke warkewa, har a 1933 ya wallafa takarda a kan ɗinki da siliki, hanyar da William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya yi ta kira a bi. Daga wannan matar ya koma siliki a duk ɗinkin fankiriyas.

Na biyu namiji ne mai shekara 53, abokin aikinsa William Barclay Parsons ya yi masa aikin cikin wannan shekarar. Ɗinkin siliki ya riƙe, mutumin ya tashi ya koma gida. Amma bayan wata takwas shi ma rai ya yi halinsa, wannan karon daga wata kafa dabam. An haɗa madaciyarsa da tumbi don ruwan ya sami mafita, sai haɗin ya tsuke, ƙwayoyin cuta suka haura bututun har hanta.

Na uku yana da shekara 49. A farkon 1935 aka yi masa aikin a zama biyu, aka cire farkon hanjin da babban yanki na kan fankiriyas, aka ɗaure bututunta aka rufe bakin da siliki. Ya rayu wata 25. Ciwon dajin ne ya kashe shi daga baya, da ya bayyana a hanta.

A 1935 Whipple da Parsons da Clinton Mullins suka gabatar da waɗannan mutum uku gaban ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka, aka buga a mujallar Annals of Surgery. A ganina wannan takarda ita ce ginshiƙin duk aikinsa. Wani da ya ɓoye matar farko ya fito da na ukun kawai, ko ya jira sai ya tara waɗanda suka rayu. Su sun zayyana abin da aka yi wa kowa, da inda aka sami matsala, da abin da suka sauya saboda ita. Likitan da ke Chicago ko Landan yana iya karantawa ya san ramin da zai tsallake ba sai ya rasa nasa majinyacin a ciki ba. Kuma hakan aka yi: a 1937 Alexander Brunschwig a Chicago ya ɗauki hanyar ya yi amfani da ita a kan ciwon dajin kan fankiriyas kansa.

Shi ma Whipple bai riƙe tsarin 1935 kamar wahayi ba. Da ya ga haɗa madaciya da tumbi yana jawo ciwon bututun hanta, sai ya daina, ya koma haɗawa da ƙaramin hanji ta yadda abinci ba zai riƙa komawa sama ba. Ɗaure bututun fankiriyas ma daga baya ya gane ba ya hana yoyo, ga shi yana hana mutum ruwan narkar da abinci. A farkon shekarun 1940 ya fara dasa ragowar fankiriyas cikin hanji, kuma a takardarsa ta 1946, inda ya waiwayi shekaru goma na aikin, wannan ya ba da shawarar a riƙa yi.

Ranar 6 ga Maris, 1940

Aikin da ake yi a zama ɗaya, wanda shi ne asalin na yau, ba shirya shi aka yi ba. An sami baƙin likitoci daga ƙasashen waje da suka zo ganin yadda ake aiki a Presbyterian, aka zaɓo wata mata mai shekara 53 wadda hoton ciki ya nuna kamar tana da ciwon dajin tumbi. Aikin tumbi abu ne da Whipple ya saba, ya dace a nuna wa baƙi. Ya buɗe ciki, ya raba tumbin biyu, sai a lokacin hannunsa ya gaya masa ƙarin ba a tumbi yake ba. A kan fankiriyas yake, yana turo tumbin ne daga baya.

Tumbi dai an riga an yanke, ba a fasawa. Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne matar ba ta da shawara, jininta yana daskarewa daidai. Nan a tsaye, baƙi na kallo, ya yanke shawarar ƙarasawa. Ya cire gindin tumbin, da farkon hanjin gaba ɗaya, da kan fankiriyas, ya dasa bututun madaciya cikin hanji, ya haɗa tumbi da hanji. Awa uku da rabi aka yi. Matar ta warke, ta ƙara shekara tara a duniya.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin shaidar ƙarfin zuciyar likita, kuma ba ƙarya ba ne. Amma akwai abu biyu da ya kamata a ajiye kusa da shi. Na farko, da aka duba ƙarin a ɗakin bincike sai aka ga daga ƙwayoyin Langerhans ya tsiro, irin da ke girma a hankali. Ba shi ne ciwon dajin fankiriyas da aka fi gani ba, mai tsirowa daga bututu, wanda kan kashe cikin watanni. Shekara taran nan rabonta ne da irin ciwon da ya same ta, ba gwanintar wuƙa kaɗai ba.

Na biyu, abin da ya sa zama ɗaya ya zama hanyar kowa bayan 1940 ba daga ɗakin tiyata ya fito ba. A 1929 wani masani ɗan Denmark, Henrik Dam, yana gwaji da 'yan tsaki, ya lura cewa in an hana su wani abu a abinci sai su riƙa zubar da jini. Abin nan shi ne bitamin K. Hanta na buƙatarsa don haɗa sinadaran daskarar da jini, kuma hanji ba ya iya tsotse shi sai da ruwan madaciya. Ashe dalilin da ya sa mai toshewar bututu yake zubar da jini ke nan. Zuwa 1938 likitoci a Iowa da asibitin Mayo na Amurka sun nuna cewa in an ba irin waɗannan majinyata bitamin K tare da gishirin madaciya, jininsu na gyaruwa cikin 'yan kwanaki. Aikin farko da ake yi don sauke rawaya, da jiran makonni, da sake buɗe cikin da ya riga ya manne, duk sai suka zama ba dole ba.

Ga kuma jini. A 1937 aka buɗe ma'adanar jini ta asibitin Cook County a Chicago. A Presbyterian, ƙarƙashin sashen Whipple, Charles Drew ya yi bincikensa a kan adana jini tare da John Scudder, ya sami babban digiri a 1940, baƙar fata na farko da Columbia ta ba wannan digirin. Haka nan fannin sa barci. Virginia Apgar ta gama koyon tiyata a hannun Whipple, shi kuma ya ba ta shawarar ta koma wancan fanni, wai matan da ya horar a baya sun kasa samun abin yi a tiyata, kuma tiyata ba za ta ci gaba ba sai an sami ƙwararrun masu sa barci. Rabin farko na shawarar bai yi mini daɗi ba, don maimakon ya buɗe mata ƙofar da aka rufe wa mata sai ya nuna mata wata. Rabi na biyu kuwa gaskiya ya faɗa. A 1938 ta zama shugabar sashen sa barci na asibitin, kuma ita ce daga baya ta fito da ma'aunin duba lafiyar jariri a mintunan farko na haihuwa, wanda ungozomomi ke amfani da shi a duk duniya.

Wa ya kamata a buɗe, wa ya kamata a bari

Akwai wani reshe na bincikensa da ba a cika haɗawa da babban aikin ba, ga shi kuwa ya fi shi warkar da mutane. Bayan gano insulin a Toronto a 1921 zuwa 1922, likitoci suka fara lura da mutanen da ke nuna alamun yawan insulin alhali ba wanda ya yi musu allura. Da asuba ko in sun daɗe ba su ci ba, sai gumi, da rawar jiki, da ruɗewa, wani ya yi ta sambatu, wani ya faɗi yana shure-shure. Da yawa an ɗauke su masu farfaɗiya ko taɓin hankali. Sanadin wani ɗan ƙari ne a fankiriyas, galibi bai kai santimita 2 ba, mai zuba insulin ba ƙaƙƙautawa. A 1929 Roscoe Graham ya cire irinsa a Toronto majinyaciyar ta warke sarai.

Da labari ya bazu sai aka shiga buɗe cikin mutane a kan zato. Wasu ba a sami komai ba, aka yanke musu wani yanki na lafiyayyar fankiriyas a banza. A lokacin ba a iya auna insulin a jini, sai wajen 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka samar da hanyar. Whipple ya haɗa kai da Virginia Kneeland Frantz, likitar da ke duba tsokar da aka ciro a ƙarƙashin madubin bincike, suka bi labarin majinyatansu da na wasu, suka wallafa a 1935. A 1938 ya fitar da sharuɗɗa uku da ya ce sai sun cika kafin a ɗauki wuƙa: alamun su zo lokacin da mutum yake da yunwa ko ya sha wahalar aiki, a auna sukarin jini a daidai lokacin a same shi ƙasa da miligiram 50 cikin kowane desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, a ba shi sukari alamun su gushe nan take. Har yau ɗaliban likita na haddace su, kuma gwajin hana cin abinci na awa 72 da ake yi a asibiti a kansu aka gina shi. Kusan tara cikin goma na irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, in an cire shi ke nan. Likitan fiɗa ne ya zauna ya rubuta ƙa'idar da za ta rage yawan waɗanda za a yi wa fiɗa, kuma ina ganin wannan ya fi labarin 1940 nuna irin likitan da yake.

Waɗanda suka riga shi

Ba Whipple ne ya fara ba. Alessandro Codivilla ya yi makamancin aikin a Imola ta Italiya a 1898, majinyacin bai yi wata guda ba. Walther Kausch ya yi shi a zama biyu a Balin a 1909, mutumin ya rayu wata tara, ya wallafa a 1912. Georg Hirschel ya yi a zama ɗaya a Heidelberg ta Jamus tun 1914. Jamusawa suna da hujja da suke kiran aikin Kausch-Whipple, kuma ya kamata a riƙa ambaton Kausch. Bambancin shi ne waɗancan sun yi sau ɗaya ko 'yan kaɗan abin ya tsaya nan. Whipple ya yi shekara goma sha biyu yana komawa kansa, yana gyara haɗi bayan haɗi, yana horar da matasan da suka watsu da shi zuwa wasu asibitoci.

Bayan ya ajiye aiki a 1946 ya yi wani ɗan lokaci a asibitin Memorial na New York, ya kuma taimaka wa Jami'ar Amurka ta Beirut. Ƙuruciyarsa ta Iran ba ta sake shi ba: ya rubuta littafi a kan rawar da Kiristocin Nestoriya, wani tsohon reshe na Kiristocin Gabas, da Musulmi suka taka wajen adana ilimin likitanci da bunƙasa shi, aka buga bayan rasuwarsa. Ya rasu a 1963.

Bayansa

Shekaru ashirin da suka biyo baya ba su yi wa aikin kyau ba. A asibitoci da yawa ɗaya cikin huɗu na mutuwa sanadin tiyatar, waɗanda suka tsira kuma ciwon na dawo musu. A 1970 George Crile ƙarami na asibitin Cleveland ya fito fili ya ce gara a buɗe wa madaciya hanya kawai a bar ƙarin, tunda masu wannan sun fi daɗewa. Da alƙaluman lokacin, maganarsa ba ta wauta ba ce. Amma tun 1968 John Howard ya ba da rahoton aiki 41 a jere ba mutuwa ko ɗaya. A 1990 Michael Trede na Mannheim ya kawo 118 a jere. John Cameron na Johns Hopkins ya yi dubu ɗaya tsakanin 1969 da 2003, mutuwa kashi 1 cikin ɗari, ya kuma kai dubu biyu a 2012.

Yankan bai sauya sosai ba daga abin da Whipple ya bari. Abin da ya sauya shi ne yawan yi a wuri ɗaya, da ɗakin kulawa ta musamman, da hoton sikanin da ke nuna ko ƙari ya kama jijiya kafin a buɗe, da masu iya zuƙe ruwan da ya taru ba tare da sake tiyata ba, da nas ɗin da ta ga irin majinyacin nan sau ɗari ta san zazzaɓin kwana na biyar ba na wasa ba ne. Wani babban bincike da John Birkmeyer ya jagoranta a Amurka, aka buga a 2002, ya nuna mutuwa bayan tiyatar fankiriyas ta kai kusan kashi 16 cikin ɗari a asibitocin da ba su cika yi ba, a inda ake yi kullum kuwa ba ta kai kashi 4 ba. Yoyon ruwan fankiriyas har yau yana samun fiye da ɗaya cikin goma, sai dai yanzu akasari ana gane shi da wuri a shawo kansa.

Ciwon dajin kansa shi ne bai rusuna ba. Cikin masu shi, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai ake samu a matakin da tiyata za ta yiwu. Sauran ya riga ya kama manyan jijiyoyi ko ya kai hanta. Alamar da ta fi kawo mutum da wuri ita ce rawayar ido ba tare da ciwo ba, da fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki na ƙaiƙayi, ga rama. A wurarenmu wannan ne ake cewa shawara ce a shiga ba da jiƙo wata da watanni, kuma ga wanda ya haura shekara hamsin waɗannan watannin su ne duk damar da yake da ita. Ko an cire ƙarin, sai an bi da magani. A wani gwaji na Faransa da Kanada da aka buga a 2018, waɗanda aka ba haɗin magungunan ciwon daji da ake kira FOLFIRINOX bayan tiyata rabinsu sun wuce wata 54, waɗanda aka ba magani guda mai suna gemcitabine kaɗai kuwa wata 35. In an haɗa duk masu cutar a Amurka, waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda ba a yi wa ba, kusan 13 cikin ɗari ne ke kaiwa shekara biyar, kuma har yanzu babu gwajin jini ko hoton da za a yi wa jama'a gaba ɗaya a kama ta kafin ta nuna alama.